Tad Fati: Wane Ne Mutum na Uku a Inshorar Mota?

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, da rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta fara matsa wa masu ababen hawa su nuna takardar inshora a kan hanya, kalmar "tad fati" ta shiga bakin kowa. A Bauchi, direban da ke lodi a Muda Lawal ya san ta, mai Keke Napep da ke jiran fasinja a Wunti ya san ta, gidajen rediyo kuma sun sa mata suna "inshorar ɓangare na uku". Sunan ba shi da laifi. Bayanin da ake ɗora masa ne ke da gyara.

Masu kiran waya a shirye-shiryen rediyo da wasu 'yan siyasa sun fi son ce mata sabon haraji. Ba sabuwa ba ce: dokar da ta wajabta ta tun ta 1945 ce, zamanin Turawa. Dokar inshora ta 2003 ta sake jaddada ta, har da tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara guda ga wanda ya hau titi babu ita, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a 2025 kuma ba ta ɗage wajibcin ba. Haraji kuwa baitulmalin gwamnati yake shiga, wannan kuɗin kamfanin inshora ake ba wa. Abin da ya canza shi ne farashi. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke Napep naira 5,000 ne da iyakar miliyan 2, babur 3,000 da iyakar miliyan 1, manyan motocin dakon kaya 100,000 da iyakar miliyan 5.

Kuskuren da ya fi ɓata rai shi ne na masu ɗaukar "na uku" a matsayin daraja, wai akwai inshora mai lamba ɗaya ta attajirai, da mai lamba biyu, sannan ta uku ta talaka. Daga nan sai ka ji mai gabatar da shiri yana cewa da zarar ka biya 15,000, in ka yi haɗari kamfani zai gyara maka motarka, illa dai gyaran ba zai kai na manya ba. Ko ƙusa ɗaya ba za a ɗaura maka ba. Mutane ake ƙirgawa a wannan suna, ba matakai ba. Kai da ka sayi inshorar kai ne na farko. Kamfanin da ya karɓi kuɗinka shi ne na biyu. Na uku shi ne wanda babu shi a wurin da kuka ƙulla yarjejeniyar, bai san ku ba, bai biya ko kwabo ba, sai dai ranar tsautsayi motarka ta faɗa masa. Don shi aka yi takardar.

A ɗauka wani magidanci ya taso daga Yelwa da safe a Corolla ɗinsa, ya iso shataletalen Wunti, ya taka birki, birki ya ƙi. Ya daki bayan wata Highlander, ya karkace ya ture Keke Napep, sannan ya ƙare a kan teburin mai sayar da lemo da kankana. Tasa motar gaba ya lotse, lagireto ya fashe, fitilu biyu sun tarwatse, shi kuma sitiyari ya buge shi a ƙirji.

Mai Highlander mutum na uku ne. Mai keke mutum na uku ne, haka matar da ke cikin keken da ta karye a hannu, haka mai kankana da teburinsa da kayansa. Da ya haɗa da turken fitilar titi, to hukumar da ke da turken ita ma ta shiga layi. Duk waɗannan kamfani zai duba. Lagireto da fitilun Corolla da aikin fanabita da fenti, da kuɗin hoton ƙirjin mai motar a asibiti, duk daga aljihunsa za su fito.

Sai kuma maganar miliyan 3, wadda ake yawan faɗa kamar kowane wanda aka buge zai karɓi tasa. Iyakar ta haɗarin ce gaba ɗaya, kuma ta dukiya ce kawai. In gyaran Highlander ya kama miliyan 3 da dubu 400, na keke dubu 600, kayan mai kankana dubu 200, jimla miliyan 4 da dubu 200 ke nan. Kamfani zai tsaya a miliyan 3, ragowar miliyan 1 da dubu 200 na wuyan mai Corolla. Rauni da rasa rai lissafinsu daban, ba a cikin wannan adadi ake cire kuɗin asibitin matar da ta karye ba. A gaskiya miliyan 3 ta yi kaɗan a yau. Ba ta sayen tokumbo mai lafiya, bamba da fitilar baya da murfin but na wasu sababbin motoci kaɗai suna iya cinye rabinta. Amma wanda ya taɓa ganin magidanci na neman mai sayen filinsa saboda ya bugi motar wani, ba zai raina ta ba.

A sauya labarin kaɗan. A ce motar da ya daka tasa ce ta biyu, ko ta matarsa, yana ribas a cikin gida ya murƙushe mata ƙofa. Ko kuwa gate ɗin gidansa ya tumɓuke. Babu mutum na uku a nan, domin sharuɗɗan da aka saba rubutawa sun cire dukiyar mai inshorar, da ta mutanen gidansa, da wadda aka ba shi amana tana hannunsa. Wannan na ƙarshen ya shafi masu ɗaukar saƙo: buhunan shinkafar maƙwabci da ke but ɗinka daga Gadar Maiwa, in sun zube a haɗari, kada ka sa rai da kamfani.

A sake sauyawa. A ce Corolla ɗin takardar motar gida gare ta, amma da yamma mai ita yana ɗan kabu-kabu zuwa Alkaleri ko Dass don ya samu na mai. A jikin takardar akwai wurin da aka rubuta irin amfanin da aka yarda a yi da motar, kuma ta gida ba ta haɗa da ɗaukar fasinja da kuɗi ba. Kamfani na iya tsayawa a kan wannan layi ɗaya ya juya masa baya. Haka in ɗansa da ba shi da lasin tuƙi ne a kan sitiyari, ko lasin mai motar ya daɗe da mutuwa. Mai haya ya nemi takardar haya, ya kuma tambaya ƙarara ko fasinjojin da ke cikin motarsa suna ciki, da nawa aka ware wa kowane, a nuna masa a rubuce.

Inda wannan tsari ya fi karo da ɗabi'armu shi ne wurin haɗarin kansa. Mu nan in an yi karo, kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, wani dattijo ya shiga tsakani: "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Mai laifi ya ce, "Wallahi laifina ne, ranka ya daɗe, a kai wurin bakanike ni zan biya." A janye motoci, a watse. Sulhu alheri ne, ba mai musu. Sai dai a cikin sharuɗɗan inshora akwai wanda ya hana ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da yardar kamfani ba. Wanda ya sasanta, ya biya fanabita, sannan bayan wata biyu ya tuna yana da tad fati ya kwashi rasit ya nufi ofis, da wuya ya samo komai. Ba a ce ka tsaya gardama da wanda ka buge ba. Ka ba shi haƙuri, ka kai mai rauni asibiti kafin komai, amma ka gaya masa kana da inshora kuma ta nan za a bi.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. Hotunan motocin tun suna inda suka tsaya, da lambobinsu a bayyane, da na duk abin da ya lalace. Rahoton 'yan sandan sashen kula da zirga-zirga, wanda shi ne ƙashin bayan neman diyya. Sanar da kamfani nan take ta lambar da ke jikin takardar, domin akwai wa'adin kwanaki da aka rubuta, wucewarsa kuma hujja ce a hannunsu. Sai fam ɗin da za su ba ka ka cike, kwafin lasinka da na takardar inshora, kiyasin kuɗin gyara a rubuce daga gareji, da wasiƙar neman diyya daga wanda aka yi wa ɓarna. Kada a fara gyara sai ma'aikacinsu ya zo ya gani ko sun ba da izini. In kamfani ya yi ta jan ƙafa ba dalili, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi.

Duk wannan in takardar ta gaske ce. Shekara da shekaru mutane na miƙa wa wani yaron da ke shawagi a bakin ofishin lasin kuɗi a dunƙule, ya dawo musu da "fatikulas" a leda, har da wata takarda mai tambari da sunan kamfanin da ba wanda ya san ofishinsa. Ita ce ta sa aka ɗauki tad fati a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge kawai, tunda ba a taɓa ganin ta biya kowa ba. Dubawa ba ta cin minti biyu. Kamfanonin inshora na da rumbun bayanai na bai ɗaya mai suna NIID. Ka shiga askniid.org ka sa lambar motarka, ko ka danna *565*11# a waya. In babu motarka a ciki, ko sunan kamfanin ya saɓa da na takardarka, to takarda kawai ka saya. Wanda ya ce zai yi maka ta motar gida a 7,000 ya riga ya gaya maka irin wadda zai kawo. Doka kuma ta ce sai an biya kuɗin inshora take aiki, babu bashi a ciki.

Akwai masu ƙin ta don addini, kuma damuwarsu ba ta wasa ba ce, malamai sun daɗe suna magana kan garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba a inshorar da aka saba. Amma ko a fiƙihu an san cewa diyyar kisan kuskure ba a kan mutum ɗaya take faɗawa ba, aƙilarsa ce, wato danginsa na wajen uba, ke haɗuwa su biya, don kada iyalan mamaci su tashi a tutar babu saboda wanda ya yi kuskuren matalauci ne. Wannan na cikin hujjojin da aka gina takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a kansu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful kuma suna bayar da tad fati da doka ta amince da ita. A ganina, cikin duk nau'o'in inshora babu wadda ta fi wannan sauƙin karewa, tunda ba dukiyarka kake yi wa tanadi ba, haƙƙin wani ne da ka iya hawa kanka a daƙiƙa guda.

Mai son a gyara tasa motar sai ya nemi cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin mutum na uku da lalacewar motarsa da gobara da sata. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato motar miliyan 8 za ta ci akalla naira 400,000 a shekara. Akwai ta tsakiya, tad fati da aka ƙara wa gobara da sata, ba ta biyan gyaran karo.

Masu sayen mota ta hannu su lura da abu guda. Dillali zai miƙo maka takardu ya ce inshora da sauran wata bakwai a kanta, har ya nemi sa wannan a ciniki. Yarjejeniyar tsakanin kamfani da tsohon mai motar take, da sunansa, ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita haka kawai. Ranar da aka yi canjin mallaka, a ranar za ka yanki taka ta wata 12 da sunanka, ka tabbatar lambar mota da lambar shasi da aka buga sun yi daidai da na jikin motar harafi da harafi, sannan ka duba ta a NIID bayan kwana ɗaya ko biyu ka ga ta hau.