Ku Bar Marar Lafiya Ta Amsa Da Bakinta

Akwai ɗabi'ar da nake gani kusan kullum wajen aiki a nan Damagaram, kuma ta ishe ni. A kawo mace mai ciwon daji na mama ko na bakin mahaifa, in zauna gefen gadonta in ce, "Inna, ina ne ya fi damun ki da dare?" Kafin ta buɗe baki, maigida ko ƙanen miji ko babban ɗa ya riga ya amsa: "Ai da sauƙi, Malama, ba ta da wata damuwa." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce alhamdu lillahi. Haba Alhaji, kai ke kwana da ciwon nan?

Tambayoyin da mu ma'aikatan jinya muke yi, da waɗanda ɗaliban kiwon lafiya ke zuwa da su a takarda, da su ake bincike don a gyara aikin jinya: yadda za a wanke gyambo, yadda za a rage raɗaɗi, abin da ya kamata a gaya wa mutum kafin a tura shi Yamai. Tun 2021 aka fara gashin ciwon daji da na'ura a cibiyar ƙasa ta yaƙi da wannan cuta da ke Yamai, mun gode Allah. Amma daga nan zuwa can wajen kilomita 900 ne. Wadda ta taso daga Magarya, Guré ko Tanut tata tafiyar ta fi haka. Ita ta san yadda zaman mota yake da buɗaɗɗen ciwo a ƙirji. Ita ta san warin da ya sa aka ware mata kwano a gida, da zubewar gashin kai bayan maganin da ake ɗurawa ta jijiya, da bakin da ya yi ƙuraje har fura ba ta shayuwa. Ba gwajin jinin da zai nuna mana waɗannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Ingila tun 1996 aka kafa kwamiti na musamman don a riƙa sa marasa lafiya da jama'a cikin binciken lafiya. Ana zama da su tun wajen tsara tambayoyi, in an gama kuma a koma a auna: maganarsu ta sauya wani abu, ko sunansu kawai aka ara? Mu ma abin da muke so ke nan. To me za mu auna in takarda ta cika da maganar maigida? Mu rubuta cewa mata ba su da ƙorafi, na sama su karanta su ce komai daidai, gobe a kawo wata ta sha irin wahalar da ta farko ta sha.

Na san ba mugunta ba ce. Na ga waɗanda suka sayar da awaki da hatsin rumbu don kuɗin magani, na ga ƴaƴa mata suna kwana a tabarma bakin ɗaki sati da sati. Allah ya saka maku da alheri. Kara ce, da son rufin asiri, da tsoron kada a ce kun gaza. Amma ku bar ta ta yi magana! Matar da ke zubar jini ba za ta faɗa gaban surukinta ba ko za ta mutu, kun fi ni sani. In na ce ku ɗan fita waje, ba raini ba ne.

Ku ma iyayena mata da laifinku. Godiya ga Allah ba ta hana a ce "nan ke mini ciwo". Ku daina neman amsar da za ta faranta wa ma'aikaciya rai. In an bar ki kina jira tun safe, faɗa. In ba ki fahimci bayanin magani ba, faɗa. Maza masu ciwon nan, har da ku: dauriya ba ta gaya mana komai.

In aka zo da tambayoyin bincike:
- A yi mata bayani da harshen da take ji, Hausa, Barbarci, Fillanci ko Buzanci.
- Ita za ta yarda ko ta ƙi, kuma in ta ƙi ba za a rage mata kulawa ba.
- A tambaya ko za a sa sunanta, da wanda zai ga amsoshin.
- Ɗan'uwan da ke jinyar ta ya jira, shi ma akwai abin da za mu tambaye shi daban.
- A tambaya yaushe za a dawo a gaya maku abin da aka gano.

Wadda kuma ta ji ƙullutu a mama, ko take ganin jini ba lokacin al'ada ba, kada ta jira sai an yi mata magana a gida. Ta je wurin ungozoma a asibiti mafi kusa cikin satin nan, ta faɗi abin da take ji da kanta.