Hamingbad ba ya zuƙar ruwan fure da baki

An daɗe ana cewa hamingbad, ɗan ƙaramin tsuntsun nan na nahiyar Amurka, yana zuƙar ruwan zaƙin fure da dogon bakinsa kamar mai shan lemo da tsinke. Masana ma sun shafe shekaru suna koyar da cewa ruwan ne ke hawa harshensa da kansa. Duk ba haka ba ne.

A 2011 wasu masana biyu, Alejandro Rico-Guevara da Margaret Rubega, suka ɗauki hoton tsuntsayen da kyamara mai saurin gaske. Harshen a rabe yake biyu daga tsini, kuma gefensa na da 'yan siraran geza. Idan ya taɓa ruwan sai gezar ta buɗe, yana janyewa ta naɗe da ruwan a ciki. Baki ne ke matse shi lokacin da harshen zai sake fita. Hakan na faruwa fiye da sau 10 cikin daƙiƙa guda.

A dazukan tsaunukan Andis na Kudancin Amurka akwai wani nau'in hamingbad da ake kira mai bakin takobi, wanda bakinsa ke kai kusan santimita 10. Da shi yake isa gindin dogayen furanni, amma harshe ne ke ɗebo ruwan.