Zagaye da Taruka a Gidajen Zama na Tarihi

Gidan zama na tarihi shi ne gidan da wasu mutane suka taɓa rayuwa a cikinsa, daga baya aka adana shi da kayan ɗakinsa, aka buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su gani. A sauran gidajen adana kayan tarihi ana gina zaure ne domin kaya, a jera su cikin akwatunan gilashi. A nan kuwa ginin da kansa shi ne babban abin kallo, kujera tana inda mai gida ya bar ta. Wani gidan sunan mai shi ne ya sa aka adana shi, wani fasalin gininsa, wani kuma abin da ya faru a cikinsa. Tun 1998 majalisar gidajen tarihi ta duniya, wato ICOM, take da kwamiti na musamman a kan irin waɗannan gidaje mai suna DEMHIST.

Ta hanyoyi biyu jama'a suka fi shiga: zagaye tare da jagora, da taruka. Duka biyun matsalarsu ɗaya. An gina gidan ne domin iyali guda da hadimansu, ba domin dubban ƙafafu ba.

Asali

Al'adar ta girmi gidajen tarihin da kansu. A Ingila ta ƙarni na 18, matafiyi mai shigar mutunci kan tsaya a ƙofar gidan wani babba a ƙauye, shugabar hadiman gidan ta zagaya da shi, ya ba ta tukuici. Horace Walpole, mai gidan Strawberry Hill da ke kusa da Landan, sai da baƙi suka ishe shi har ya buga tikiti da dokoki a 1784: ayari ɗaya a rana, kada ya wuce mutum huɗu, ban da yara. Magini Sir John Soane ya zarce haka, domin a 1833 ya samu majalisar dokoki ta yi doka cewa bayan mutuwarsa a bar gidansa na Landan yadda yake, a riƙa buɗe wa jama'a. Ya rasu a 1837, kuma har yau kyauta ake shiga.

A Amurka mata ne suka share fage. Ann Pamela Cunningham ta kafa ƙungiyar mata a 1853 domin ceto Mount Vernon, gidan George Washington, wanda ya fara lalacewa. Suka tara kuɗi suka saye shi a kan dala 200,000, suka buɗe shi a 1860. A Birtaniya an kafa hukumar National Trust a 1895, ginin farko da ta saya kuma wani tsohon gidan limamin coci ne a ƙauyen Alfriston, a kan fam 10, a 1896. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harajin gado da tsadar gyara suka matsa wa masu manyan gidaje lamba. Wasu suka miƙa wa hukumar gidajensu, wasu suka fara sayar da tikiti da kansu, kamar masu Longleat da suka buɗe ƙofa a 1949.

Yadda zagaye yake

Jagora kan ɗauki ƙaramin ayari ya bi da su ɗaki-ɗaki ta hanyar da aka tsara, galibi cikin kimanin sa'a guda. Girman ɗakuna da ƙarfin daɓen bene su ke ƙayyade yawan mutane. Akan shimfiɗa doguwar darduma a inda za a taka, a ɗaura igiya a bakin inda ba a so a ƙetare. Yawancin jagorori 'yan sa-kai ne, da dama daga cikinsu waɗanda suka yi ritaya. Aikinsu biyu ne a lokaci guda: suna ba da labari, idonsu kuma na kan hannun da ke shirin shafa labule.

Masu wannan sana'a har yau suna komawa ga ƙa'idar da marubucin Amurka Freeman Tilden ya shimfiɗa a 1957, cewa zuba wa mutum bayanai daban, fahimtar da shi daban, kuma duk bayanin da bai haɗu da rayuwar mai sauraro ba ya tashi a banza. Jagoran da ya haddace shekarar da aka ƙera kowane agogo amma bai iya faɗin wanda yake tashi da asuba ya hura wutar ɗakin ba, bai yi rabin aikin ba.

Salo ya bambanta ƙwarai. A wasu gidaje jagora kan sa tufafin zamanin da, ya yi magana kamar shi ne kuku ko direban keken doki, ya nuna bai san mene ne waya ba idan an tambaye shi. Yara suna son wannan, manya kuwa wani lokaci yakan hana su yin tambayar da ke bakinsu. A Tenement Museum na New York, wanda aka kafa a 1988 a wani benen haya da mutane kusan 7,000, akasari baƙin haure, suka zauna a cikinsa tsakanin 1863 da 1935, ba a shiga sai da jagora, kuma kowane zagaye labarin iyalai ƙalilan yake bi. A gidan Dennis Severs da ke Landan akwai ziyarar da shiru ne ƙa'idarta, a bar ƙamshin abinci da hasken kyandir su yi bayani. Gidan Anne Frank na Amsterdam, inda yarinyar Bayahudiya Anne Frank da iyalinta suka ɓuya daga 'yan Nazi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1960, yana karɓar fiye da mutum miliyan guda a shekara. Ta intanet kawai ake sayen tikitinsa, kowa da lokacin shigarsa, da na'urar saurare a kunne. Ɗakunan maɓoyar babu kaya a ciki, domin haka mahaifinta Otto Frank ya so a bar su.

Labarin wa ake bayarwa

Ƙofar da aka shigar da baƙo ita ce ke yanke irin labarin da zai ji. Shekaru da yawa ta ƙofar gaba ake shiga, a bi falo da ɗakin cin abinci da ɗakin karatu, a ji tarihin mai gida da kakanninsa, a fita. Madafa da ɗakin wanki da ɗakunan barori kuwa an mayar da su ofis ko wurin shan shayi. Mutanen da suka fi kowa yawa a gidan su ne ba a ambata.

Gidan Erddig da ke Wales ya juya wannan tsari. Tun da aka buɗe shi a 1977, ta farfajiyar ma'aikata da sashen barori baƙi suke fara bi kafin su kai ɗakunan iyayen gida. Abin da ya sauƙaƙa hakan shi ne iyalan Yorke, masu gidan, sun daɗe suna sa a zana hotunan barorinsu, suna rubuta musu baitoci.

A gidajen gandun bayi na kudancin Amurka batun ya fi zafi. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, amma sai a 1993 aka fara zagaye na musamman a kan bayin gidansa, Monticello, tare da tattara labaran baka daga jikokinsu. A 2018 aka buɗe wani ɗaki domin tarihin Sally Hemings, baiwar da hukumar gidan ta amince Jefferson ne uban 'ya'yanta. Gandun Whitney da ke Louisiana, wanda aka buɗe a 2014, tun farko bayi ne jigon labarinsa, babban gidan kuwa ƙari ne. A 2020 National Trust ta fitar da rahoto da ya nuna wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu da majalisa. Masu suka na cewa hutu suka zo yi, ba wa'azi ba. Sai dai wanda ya yaba kyan gida ya ƙi jin inda kuɗin gininsa ya fito, rabin tarihi kawai ya saya da tikitinsa.

Taruka

Wanda ya zagaya gida sau ɗaya ba kasafai yake komawa ba, kuma rufin da ke yoyo ba ya jira. Taruka su ne ke dawo da mutane. Mafi dacewa su ne waɗanda suka samo tushe daga gidan: kiɗan fiyano a mahaifar makaɗin fiyano Chopin da ke Żelazowa Wola a Foland, ko nunin yadda ake haɗa fenti da buga zane a gidan mai zane Rembrandt na Amsterdam. Akwai laccoci, ziyarar ɗalibai, kasuwar sana'o'in hannu a lambu, da zagayen dare. Gidan Biltmore mai ɗakuna 250 a North Carolina ya yi suna da dararen Kirsimeti. Faransa ta fara ranar buɗe gine-ginen tarihi ga jama'a a 1984, Majalisar Turai (Council of Europe) ta faɗaɗa ta a 1991, yanzu duk watan Satumba akan buɗe har da gidajen da a rufe suke sauran shekara.

Bayar da haya domin biki ko ɗaukar fim yana kawo kuɗi sosai, yana kuma kawo gardama. A ƙarshen 2019, bayan matsin lambar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka mai suna Color of Change, shafukan intanet na Pinterest da The Knot sun taƙaita tallan bukukuwan aure a tsofaffin gandayen bayi.

Kiyaye gida daga masoyansa

Kowane baƙo yana shigowa da ƙura a takalmi, da danshi a numfashi, takunsa kuma na girgiza daɓe. Haske shi ne babban maƙiyi, domin launin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa ake sauke labule, ake riƙe haske a kusan lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne) inda akwai yadi ko zanen takarda, har baƙi su riƙa ƙorafin duhu. Gidaje da yawa a Turai sukan rufe da hunturu, a goge komai, a lulluɓe kujeru, a bincika ko asu ya shiga ulu. A lokacin taro akan hana jan giya da takalmi mai tsini, wurare da dama kuma sun maye gurbin kyandir da na batir. Tsoron gobara ba na banza ba ne: a Ingila, gidan Uppark ya ƙone a 1989 ana cikin gyaran rufi, gidan Clandon Park kuma a 2015 saboda matsalar lantarki.

Matakala mai ƙunci ta kan hana masu keken guragu hawa, dokokin kare tsofaffin gine-gine kuma ba sa barin a fasa bango cikin sauƙi domin sa na'urar hawa bene. Abin da gidaje da yawa suke yi shi ne su nuna ɗakunan sama ta bidiyo ko kundin hotuna a ƙasa, su tanadi kwafin kaya da makafi za su iya taɓawa, su kuma ware zagaye da yaren kurame.