Tambayoyi da amsoshi kan warware filin LStat a rumbun bayanan Bacula

Mene ne LStat?

Duk fayil ɗin da Bacula, manhajar ajiye kwafin fayiloli, ta adana yana da layinsa a teburin File na rumbun bayananta. A layin akwai filin LStat mai ɗauke da girman fayil, mai shi, izininsa da lokutansa, amma an dunƙule su cikin haruffa irin su "IGk B Po Po A". Bareos ma haka take yi, tunda daga Bacula ta samo asali.

Me ya sa manhajojin warware base64 ba sa iya karanta shi?

Domin haruffan ne kawai iri ɗaya, tsarin ya sha bamban. Base64 da aka saba yana ɗaukar bayit uku ya mayar da su haruffa huɗu. Bacula kuwa lamba take rubutawa a tushen 64, kamar yadda muke ƙirga a tushen goma. A zuwa Z su ne 0 zuwa 25, a zuwa z 26 zuwa 51, alƙaluma 0 zuwa 9 su ne 52 zuwa 61, + kuma 62, / 63.

To yaya ake warwarewa?

A raba filin a kowane sarari, za a samu kashi 16. A kowane kashi a fara daga hagu: a ninka jimillar da 64, a ƙara darajar harafin gaba, har ƙarshe. Ɗauki IGk: I 8 ne, G 6, k 36. Wato 8×4096 + 6×64 + 36, ya ba da 33188. A tushen takwas 100644 ke nan: fayil ne, mai shi yana karantawa yana rubutawa, saura karatu kawai. EHt kuwa 40755 ne a tushen takwas, wato folda. Po shi ne 1000 a tushen goma.

Wane kashi ne na me?

Na uku izini, na biyar da na shida lambar mai fayil da ta rukuninsa, na takwas girma a bayit. Na 11, 12 da 13 lokutan buɗewa, gyaran abin ciki da sauyin bayanan fayil ne, duk a daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970. A rumbun bayanai na PostgreSQL, split_part(lstat, ' ', 8) zai ciro kashin girman, wanda sai an warware shi kamar yadda aka nuna a sama, to_timestamp kuma ya mayar da daƙiƙoƙin kwanan wata.

Ina aka fi yin kuskure?

A rumbun bayanai na MySQL. Idan aikin warwarewar da ka rubuta ya karɓi harafin a matsayin VARCHAR, sai ya ɗauki "a" da "A" abu guda, ya ba ka lamba mai kama da gaskiya alhali ba ita ba ce. Wannan ya fi ɓarna, don babu saƙon kuskure. A tilasta BINARY. Sannan a yi lissafin da BIGINT, in ba haka ba fayil ɗin da ya haura gigabayit 2 zai tumbatsa.

Girman da na tara bai yi daidai da JobBytes ba, me ya faru?

JobBytes jimillar bayit ɗin da aikin ajiya ya rubuta ce, LStat kuwa na riƙe girman asali ne a kan faifai, kafin a matse fayil ɗin.