Kayak mai kwarangwal da fata: zaɓen siffa da katako a ƙirar farko

Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri, rufaffe ta sama, mai rami a tsakiya inda mutum ke zama ya miƙe ƙafafu, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Sunan ya fito ne daga kalmar qajaq ta mutanen Inuwit. Su da Yufik da Aliyut, mazauna Girinlan da arewacin Kanada da Alaska da tsibiran Aliyushan, suka ƙago shi don farauta a teku. Bishiya ba ta girma a yawancin ƙasarsu, saboda haka itacen da teku ta tunkuɗo gaɓa maza ke sassaƙawa su haɗa kwarangwal, mata kuma su ɗinka fatun dabbar tekun nan da Turawa ke kira sil, a lulluɓe shi. Masu ƙerawa a gida yanzu wannan tsarin suke bi, sai dai yadin nailan ko foliyesta ya maye gurbin fata. Jirgin mutum ɗaya idan an gama shi yakan yi kilo 12 zuwa 16, alhali na roba mai irin tsawonsa yakan haura kilo 22.

Sassan kwarangwal

Ƙarfin jirgin yana wurin katakon gefe guda biyu, dogaye, da suka taso daga goshi har wutsiya. Gajerun katakan gicciye suna riƙe su a buɗe, su ne kuma ke ɗauke da rufin sama. Wanda yake gaban ramin zama, mai baka, inda cinyoyi ke tokarewa, sunansa masik a harshen Girinlan. Daga ƙasan katakon gefe haƙarƙari ke saukowa a lanƙwashe, guda 20 zuwa 25, tsakaninsu kamar santimita 15. A bayansu ake ɗaure ƙashin baya a tsakiya da sandunan kwiɓi a kowane ɓangare, kuma a kan waɗannan dogayen ne kawai yadi ke kwanciya. Ba a buga ƙusar ƙarfe. Rami ake sara a cusa kan haƙarƙari, a kafa turakun katako, a ɗaure da zare mai kaki, domin jirgin ya riƙa ɗan lanƙwasawa da igiyar ruwa maimakon ya tsage.

Zaɓen siffa

Siffar yammacin Girinlan ita ce aka fi fara koyo da ita. Tana da sandar kwiɓi ɗaya tak a kowane gefe, rufinta na baya shimfiɗe yake, cikinta ba zurfi, sassanta kuma kaɗan ne. Iska ba ta samun abin kamawa sosai a jikinta, kuma mirgino ta bayan kifewa yana da sauƙi ga wanda ya koya. Aibinta shi ne matsi. Don mafarauci aka yi ta wanda ya tashi a cikinta tun yana yaro, ba don mai manyan ƙafafu da buhun guzuri ba.

Ta Aliyut, wadda suke kira iqyax, Rashawa kuma baidarka, tana da goshi mai tsaga biyu kamar bakin kifi, ciki zagaye da sandunan kwiɓi da yawa. Tana da gudu kuma tana ɗaukar kaya, amma haƙarƙarinta sun fi yawa, sassaƙa goshin kaɗai aikin kwanaki ne, kuma zagayen ciki yana sa ta tangaɗi a ƙarƙashin sabon hannu. Ta fi dacewa da jirgi na biyu.

Akwai hanya ta uku ta zamani wadda ba a lanƙwasa haƙarƙari ko ɗaya. Ana yanka firam shida zuwa takwas daga falankin fulawud mai jure ruwa, mai kaurin milimita 12, bisa zanen da aka riga aka auna, a jera su a kan dogon katako miƙaƙƙe, a ɗaura dogayen sanduna a kansu. Wanda ba shi da hanyar samun ɗanyen itace wannan ce mafitarsa. Siffa tana fitowa daidai da zane, amma firam ɗin suna tsaya wa ƙafafu da kaya a ciki.

Awo

A al'adar Girinlan jikin mai jirgi shi ne ma'auni: tsawo kamar gaba uku nasa, faɗi kuwa ƙugunsa da dunƙulen hannu ɗaya a kowane gefe. Ga mutum mai tsawon mita 1.75 wannan zai ba da jirgi mai kusan mita 5.2 da faɗin santimita 52 zuwa 54. Ga wanda bai saba ba, wannan faɗin ya yi kaɗan. Santimita 56 zuwa 58 sun fi masa, domin ƙarin santimita huɗu a nan yakan raba mai zama yana kallon gari da mai kokawa da ruwa. Tsawo ma ana yawan zarce masa. Dogon jirgi yana da gudu ne idan mai tuƙi yana da ƙarfin kai shi can, amma a tafiyar yau da kullum a tafki ko kogi, mita 4.3 zuwa 4.6 ya fi sauƙin juyawa da ɗauka da ajiya, katakonsa ma ya fi sauƙin samu.

Kuskuren da ya fi ɓata jirgin farko shi ne ƙarancin wurin ƙafa. Kafin a yanka komai, a zauna a ƙasa a jingina da bango, a sa takalmin da za a shiga ruwa da shi, a ɗora katako bisa cinyoyi a kan bulo biyu, a zauna rabin awa. Idan ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, masik ya yi ƙasa. Ramin zama na gargajiya ɗan ƙarami ne, sai an zauna a rufin baya a zura ƙafafu biyu a miƙe. Wanda gwiwarsa ba ta yarda da haka ba ya yi wa ramin zobe mai tsawon santimita 75 zuwa 80.

Lanƙwasar ƙashin baya ita ke hukunta halin jirgi a ruwa. Idan ya miƙe sak, jirgi zai bi layi amma ya ƙi juyawa. Idan goshi da wutsiya sun ɗagu da yawa, zai yi ta karkata duk bugun filafili. Shi ya sa gogaggu ba sa ɗinka yadi sai sun naɗe kwarangwal da leda da salatif sun shiga ruwa marar zurfi na 'yan mintoci. A lokacin gyara bai wuce kwance ɗauri da sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙashin baya ba.

Katakon dogayen sassa

Katako iri biyu ake saye, na dogayen sassa da na haƙarƙari, kuma aikinsu ya saɓa. Dogayen sassa suna son itace marar nauyi, busasshe, mai miƙaƙƙiyar jijiya. Jan sida na yammacin Amurka ta Arewa shi ne mafi rashin nauyi, kilo 370 a kowace mita kubik, kuma ba ya saurin ruɓewa, sai dai yana da taushi, zare yana cin jikinsa. Sifurus na Sitka ya ɗan fi shi nauyi da ƙarfi. Fir na Doglas yana haura kilo 500, yana da ƙarfi ƙwarai amma yana tsagewa wurin sara rami. Itacen fayin mai tsabta ma yana yi. Katakon gefe yakan zama milimita 20 a kauri da 60 zuwa 70 a faɗi, ƙashin baya da sandunan kwiɓi kuwa kamar 20 da 20 zuwa 25.

Sunan bishiya bai kai jijiya muhimmanci ba. A wurin mai katako, a bi layin jijiya da yatsa a gefen falanki: idan ya fita daga gefe kafin ya yi tafiyar da ta ninka kaurin katakon sau 12, a ajiye shi. Ido, wato wurin da reshe ya fito, idan ya faɗa inda za a sara ramin haƙarƙari, nan katakon zai karye. Katakon gefe biyu daga falanki ɗaya ake tsaga su, a juya su suna fuskantar juna. In aka ɗauko su daga falanki dabam-dabam, ɗaya zai fi ɗaya taurin kai, jirgin ya fito a karkace kamar ayaba, ya yi ta jan hagu ko dama har ƙarshen ransa. Idan ba a samu mita biyar a haɗe ba, ana haɗa biyu da yankan zamiya mai tsawon ninki takwas na kauri, wato santimita 16 ga katakon milimita 20, a manne da gam na efoksi. A nisantar da mahaɗar daga tsakiyar jirgi.

A kasuwannin katako na Afirka ta Yamma, obeche yana da rashin nauyi irin na sida, amma ruwa da ƙwari suna cinye shi da wuri in ba a shafe shi an riƙa shanya jirgin ba. Maɗaci kuwa nauyi gare shi, jijiyarsa kuma a sarƙe take.

Haƙarƙari da tururi

Haƙarƙari da zoben ramin zama suna son itace mai tauri kuma ɗanye, wanda bai daɗe da sara ba. Farin oak ne kan gaba, ash na bin sa, kodayake ash ya fi saurin ruɓewa. Jan oak yana lanƙwasuwa amma ƙofofin jijiyarsa a buɗe suke, yana shan ruwa. Wasu suna amfani da gora. Katakon da aka busar a tanderu yana karyewa ko da an jiƙa shi kwana da kwanaki, domin zafin tanderu ya riga ya daskarar da sinadarin da tururi ke tausasawa.

Ana yanka su milimita 6 zuwa 7 a kauri, 22 zuwa 25 a faɗi. Ƙa'idar kafintocin jirgi ita ce awa ɗaya ta tururi ga kowane inci na kauri, don haka haƙarƙari bai wuce minti 15 ba, ɗanye sharaf ma ƙasa da haka. In ya daɗe a akwatin tururi, sai ya murƙushe ta cikin baka; in bai ji ba, ya tsage ta waje. Daga fitowarsa mai aiki yana da kamar minti ɗaya, da safar hannu, ya goya masa ɗamarar fata a baya ya lanƙwasa, ya cusa kawunan biyu a ramukansu. A yanka ƙarin kashi ɗaya cikin uku, domin na goshi da wutsiya, inda baka ya fi tsini, su ne ke yawan karyewa.

Wurin ɗaura sandunan kwiɓi, a miƙa zare daga ƙashin baya zuwa sandar, a duba ratar da ke tsakaninsa da haƙarƙari. Ta kai kaurin yatsa ɗaya ko fiye. Ruwa yana tura yadi ciki, kuma idan ya taɓa haƙarƙari, ƙasan jirgi zai yi tudu-tudu, gudu ya ragu, yashi kuma ya maƙale a wurin yana cin yadin daga ciki.