Wai turare ake zubawa a farar giyar inabi?

Mutane da dama in sun ji kamshin fure a farar giyar inabi irin Gewürztraminer ta yankin Alsace a Faransa, sai su ce ai an zuba mata turare ne ko ruwan 'ya'yan itace. Ba haka bane sam. Kamshin nan daga bawon inabin kansa yake fitowa, wasu sinadarai ne da ake kira tarpin, su ne ma ke cikin furen wardi, shi yasa hanci ke rikicewa. Kuma kamshi daban zaki daban, misali farar giyar Riesling ta Jamus in kaga an rubuta trocken a kwalba to yis ya cinye kusan duk sukarin ya maida shi barasa, tsami zaka ji a harshe. Kar wani ya dauka lemo ce don Allah, Gewürztraminer barasarta kan kai kashi 13 zuwa 14 cikin dari.