Mulkin Obiang da Zaɓuɓɓuka a Ikwatoriyal Gini

Ikwatoriyal Gini ƙaramar ƙasa ce mai arzikin man fetur a gaɓar mashigin tekun Gini. Ta ƙunshi yankin Rio Muni da ke tsakanin Kamaru da Gabon, da tsibirin Bioko da wasu ƙananan tsibirai. Tun 1979 mutum ɗaya ke mulkinta, Teodoro Obiang Nguema Mbasogo, kuma in ban da sarakuna babu shugaba mai ci a duniya da ya kai shi daɗewa a kan karaga. Ana yin zaɓe a ƙasar a kai a kai, amma 'yan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ɗaukar gwamnatin a matsayin ta kama-karya.

Zamanin Macías

Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Sifaniya ranar 12 ga Oktoba, 1968. Shugabanta na farko, Francisco Macías Nguema, ɗan ƙabilar Fang ne daga yankin Mongomo, kuma ta hanyar zaɓe ya hau. Bai daɗe ba ya juya wa tsarin baya. A 1970 ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, a 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada. Ya rufe majami'u, ya tsangwami 'yan boko, aka kashe da yawa daga cikin ministocinsa. Ana kiyasin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ƙasar ko dai an kashe su ko sun yi gudun hijira. Noman koko, wanda shi ne ƙashin bayan tattalin arziki a lokacin, ya durƙushe, musamman bayan da dubban leburori 'yan Nijeriya suka bar gonakin Bioko wajajen 1976.

Obiang, wanda galibi ake cewa ɗan ɗan'uwan Macías ne, babban hafsan soja ne a wannan gwamnati, kuma ana danganta shi da kula da gidan yarin Black Beach na Malabo, babban birnin ƙasar a lokacin. Ranar 3 ga Agusta, 1979 ya kifar da ita. An gurfanar da Macías, aka harbe shi ranar 29 ga Satumba. Mulki dai bai bar hannun mutanen Mongomo ba.

Jam'iyyu da zaɓe

An kafa jam'iyyar gwamnati, PDGE, a 1987, Obiang ya tsaya takara shi kaɗai a 1989. Kundin tsarin mulki na 1991 ya halatta jam'iyyu da yawa, sai dai hakan bai taɓa lissafin ba sosai. Sakamakon da hukuma ta bayyana ya ba shi kimanin kashi 97 cikin ɗari a 1996 da 2002, kashi 95 a 2009, kashi 93.7 a 2016, sannan kashi 94.9 a zaɓen 20 ga Nuwamba, 2022. A 2002 'yan takarar adawa sun janye a ranar zaɓen kanta, suna zargin maguɗi.

Ƙorafe-ƙorafen kusan iri ɗaya ne kowane karo: ministan cikin gida ne ke jagorantar hukumar zaɓe, gidan rediyo da talabijin na gwamnati sun zama bakin PDGE, ana kama 'yan adawa gab da zaɓe, kuma ana girke sojoji a rumfuna. A 2017 jam'iyyar adawa ta CI ta ci kujera ɗaya tal a majalisar wakilai mai kujeru 100, kotu kuma ta rushe jam'iyyar a farkon 2018. A 2022 PDGE da ƙawayenta suka kwashe duka kujerun. Amurka ta ce tana da shakku mai ƙarfi kan sahihancin wannan sakamako. Gwamnati ta musanta zargin maguɗi.

Ƙuri'ar raba gardama ta 2011 ta taƙaita shugabanci zuwa wa'adi biyu na shekara bakwai-bakwai, ba tare da lissafa shekarun baya ba.

Man fetur

Tsarin mulkin ya riga man zuwa, man kuma ya ba shi gindin zama. Kamfanin Mobil ya gano rijiyoyin Zafiro a cikin teku a 1995, aka fara haƙa a 1996. Cikin shekara goma ƙasar ta shiga sahun manyan masu fitar da ɗanyen mai a Afirka kudu da Sahara, kuma kuɗin shiga na kowane mutum, a takarda, ya zarce na yawancin ƙasashen nahiyar. Mafi yawan kuɗin ya tafi ga manyan hanyoyi, otal-otal da ginin sabon birni a dajin Oyala, yayin da kason lafiya da ilimi ya kasance kaɗan. Haƙar man ta ja baya tun tsakiyar shekarun 2000. Ƙasar ta shiga OPEC a 2017, ExxonMobil kuma ya miƙa Zafiro ga kamfanin gwamnati, GEPetrol, a 2024.

A 2004 wani binciken majalisar dattawan Amurka ya gano kusan dala miliyan 700 a asusun gwamnati da na iyalan shugaban a bankin Riggs da ke Washington. A watan Maris na shekarar aka kama tsohon sojan Birtaniya Simon Mann da gungun sojojin haya a Harare, kan hanyarsu ta zuwa juyin mulki a Malabo. Bayan an miƙa shi ga Ikwatoriyal Gini, an yanke masa ɗaurin shekara 34 a 2008, aka yi masa afuwa a 2009.

Batun gado

Ɗan shugaban, Teodoro Nguema Obiang Mangue, wanda aka fi sani da Teodorín, shi ne mataimakin shugaban ƙasa tun 2016, kuma shi ake kyautata zaton zai gaje shi. A 2017 wata kotu a Paris ta same shi da laifin halatta kuɗin haram, ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara uku, ta kuma ƙwace kadarorinsa a Faransa. Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi a 2021.